Jingine lambar riga ko zauren gwaraza: yadda kulob ɗin unguwa zai zaɓa

Sana'ata buga lamba da suna a bayan jesi a nan Birnin Kebbi, kuma ni ne sakataren wani ƙaramin kulob na unguwa. Shi ya sa tambayar nan ba ta rabuwa da shagona: ɗan wasanmu ya ajiye takalmi, ko Allah ya yi masa rasuwa, da me za mu karrama shi? Masu bin ƙwallon Turai hanya biyu suka sani. Ko a jingine lambar rigarsa, ba mai ƙara sa ta, ko a shigar da sunansa zauren gwaraza, wato jerin fitattun mutanen da aka zaɓa don a riƙa tunawa da su. Yawancin masu zuwa wurina ta farkon suke so, don ita ce mai taɓa zuciya. Ni kuwa ta biyun nake fara nuna musu, kuma ga dalili.

Jingine lamba hukuncin kulob ɗaya ne, ba wanda ya gindaya masa sharaɗi kan wanda zai karrama. AC Milan ta jingine 6 saboda Franco Baresi a 1997, ta jingine 3 saboda Paolo Maldini a 2009, dukansu ba su taɓa buga wa wani kulob ba. Manchester City ta jingine 23 bayan Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a fili a birnin Lyon, a watan Yunin 2003, rai ya yi halinsa. Liverpool ta yi haka da 20 a 2025, bayan haɗarin motar da ya ci Diogo Jota. Amma Birmingham City ta jingine 22 a 2020 saboda Jude Bellingham, yaro ɗan shekara 17 da ya yi mata kaka ɗaya ya wuce Dortmund. An yi ta musu dariya, amma ba wanda ya isa ya hana su, lambarsu ce.

Zaure ba haka yake ba. A can mutum ake aunawa da sauran mutane, bisa ƙa'idar da aka rubuta tun kafin a san wa za ta faɗa wa. Na wasan besbol da ke Cooperstown a Amurka, a zaɓen 'yan jarida, sai ka yi shekara 10 kana wasa, ka yi 5 da barinsa, sannan ka samu kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'u. Firimiyar Ingila ta buɗe nata a 2021 da Alan Shearer da Thierry Henry, Didier Drogba ya shiga a 2022. Namu Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya samu duka biyun: Houston Rockets ta jingine 34 a 2002, bayan ya ci mata kofin ƙwallon kwando na Amurka a 1994 da 1995, amma sai a 2008 ya shiga zauren gwarazan ƙwallon kwando na Naismith. Kulob ya yi nasa da zafi-zafi, masu zaure suka jira wa'adinsu ya cika.

Abin da za ku fara dubawa shi ne dokar gasar da kuke bugawa, da kuma jesin da ke cikin jakarku. Napoli ta jingine 10 saboda Maradona, amma da ta faɗa rukuni na uku a 2004, inda doka ta ce masu fara wasa su sa 1 zuwa 11, dole ta fito da ita aka ci gaba da sawa. Ajantina ma saboda Maradona ta so ta hana kowa sa 10 a Kofin Duniya na 2002, FIFA ta ce lambobi daga 1 zuwa 23 ne, Ariel Ortega ya sa ta. To idan waɗannan sun kasa, ina ga mu? Jesinmu saiti ake sayo ta, sau da yawa da lambobinta a jere. Wani lokaci wani bawan Allah ne zai kawo kyauta, an riga an buga komai. Ranar da aka fitar da jaka aka tarar 'yan wasa sun fi riguna yawa, wa zai ce wa yaro ya zauna a benci saboda rigar da ta rage mai lambar marigayi ce?

Sai ku zauna ku tambayi kanku abin da kuke son karramawa. In ƙwarewa ce da daɗewa, wurinta zaure, domin gwanaye ba sa ƙarewa, kuma allon sunaye ba ya cika yadda lambobi ke ƙarewa. Zaure yana ɗaukar mai tsaron raga da ɗan baya, waɗanda ba a cika yi wa ihu ba. Yana ɗaukar kocin da ya yi shekaru yana horar da yara ba ko sisi, da alƙalin wasa, da dattijon da ke tsaya wa kulob gaban mai unguwa duk lokacin da aka so ƙwace fili. Waɗannan ba su da lamba a baya, da me za a jingine musu? In kuwa rashi ne aka yi, mutum ya rasu yana cikin kulob, kuma kowa ya san hannu ba zai iya miƙa wa wani rigar nan ba, to nan ne jingine lamba ke da gurbi. A ganina bai kamata ya wuce nan ba, sai fa wanda ya ƙare ƙuruciyarsa kaf a kulob ɗaya.

Akwai hanya ta tsakiya da na fi so a lambobin da yara ke rububi, irin 7 da 9 da 10. A Sifaniya 'yan babbar tawagar kowane kulob lambobi 1 zuwa 25 kaɗai suke sawa, saboda haka Sevilla ba ta kulle 16 ba bayan rasuwar ɗan wasanta Antonio Puerta a 2007. Da abokinsa Jesús Navas ya dawo kulob ɗin a 2017, shi ya ɗauke ta. Ku ma kuna iya cewa lamba kaza ba a ba kowa sai wanda kwamiti ya zaɓa, kuma ranar da za a ba shi a gaya masa tarihin mai ita. Yaro ya san nauyin da ya ɗauka, jaka kuma ba ta yi giɓi ba.

In zaure kuka zaɓa, ku rubuta ƙa'ida kafin a ambaci sunan kowa. Wannan shi ne wurin da ake ɓatawa. Da zarar an fara da suna, kowa nasa zai kawo, ƙa'idar kuma a ɗinka ta daidai wuyan wanda ake so. Ku tsayar da shekarun da mutum zai yi a kulob, da shekarun jira bayan ya bar wasa, da adadin waɗanda za a shigar duk shekara. Ni biyu nake ba da shawara, in ba wanda ya cancanta a bar shekarar ta wuce. Masu zaɓe kada su zama shugabannin yanzu kaɗai: a sa tsofaffin 'yan wasa, da tsohon koci, da wakilin magoya baya, adadinsu ya zama mara, kuma a jefa ƙuri'a a takarda. A garinmu ba mai iya ɗaga hannu ya ƙi yayan abokinsa a bainar jama'a, kunya ba za ta bari ba.

Sai maganar Alhaji mai ɗaukar nauyi, wanda ya sayi ƙwallaye ya biya kuɗin mota zuwa Argungu ko Jega. Alherinsa ba abin mantawa ba ne. Ku buɗe masa sashe na daban a allo, na masu hidima, kada a cusa shi cikin 'yan wasa. In mai neman kujera ne, ku jira zaɓe ya wuce.

Kada kalmar zaure ta tsorata ku, ba gini ake nufi ba. Filin Haliru Abdu na gwamnati ne, ba mu da ikon manna komai a bangonsa, balle mu sa masa suna yadda aka sa wa na Asaba sunan Stephen Keshi. Allon katako mai gilashi ya isa, a rataye shi inda kuke taro ko gidan kallon da kuka saba. Abin da ya fi allon muhimmanci littafi ne mai bango mai ƙarfi: cikakken suna da laƙabin fili, gurbin da yake bugawa, shekarar shiga da ta fita, kofunan da aka ci da shi, sai labari ɗaya daga bakin wanda ya gani da idonsa. 'Yan dambe ba su da lamba, amma har gobe ana kiran Shago saboda makaɗa sun riƙe sunansa. Ɗan ƙwallon unguwa ba shi da makaɗi, in ba a rubuta ba shi ke nan. A ɗauki hoton kowane shafi a waya, a ajiye wurin mutum biyu ko uku, don damina da gara ba su san gwarzo ba.

In mamaci ne, kafin komai ku je gidansu. A samu mahaifinsa ko babban wansa a ce, "Baba, ga abin da muke da niyya, in kun amince." Wani gidan ba ya son a rataye hoton mamaci, to a rubuta suna kawai. Ranar taron a bar kiɗa, a yi addu'a, kuma abin da aka tara a miƙa wa iyalinsa, don riga a gilashi ba ta biyan kuɗin makarantar marayu.

Riga biyu za a buga, ɗaya ta iyali ɗaya ta kulob, a rataye ta kulob inda rana ba ta dukanta, in ba haka ba lambar za ta tsattsage launin ya koɗe. Hukuncin kuma a rubuta shi da kwanan wata da sa hannun shugaba da sakatare. Na taɓa ganin kulob ɗin da ya jingine lamba da baki kawai, aka canza shugabanni, sabon koci ya aiko da jerin lambobi har da ita, aka buga, sai a fili dattawa suka gani rai ya ɓaci. Saboda haka kwafi ɗaya na takardar ku kai wa mai buga muku jesi, ya manna a bangon shagonsa kusa da injin.