Yadda ake haɗa ƙwayoyin silika masu ɓawon polima da yadda ake auna su

Hanyar Stöber, wadda aka wallafa a 1968, ita ce mafi sauƙi wajen samun ƙwayoyin silika zagayayyu masu girma kusan ɗaya. A zuba etanol mililita 50 a kwalbar gwaji, a ƙara ruwan amoniya mai ƙarfin kashi 28 cikin ɗari mililita 3, a sa maganaɗisun juyawa, sannan a zuba TEOS (sinadarin da ke rikiɗa ya zama silika) mililita 1.5 gaba ɗaya. Ruwan zai soma yin shuɗi-shuɗi, daga baya ya koma fari. A bar shi yana juyawa a rufe har kwana ɗaya. Idan TEOS ya ƙare duka, silikar da za a samu kusan giram 0.4 ce. Ƙarin amoniya yana ƙara girman ƙwaya, ƙarin zafi kuma yana rage shi, don haka kada a sauya wurin aiki tsakanin haɗi da haɗi. Duk wannan a cikin akwatin zuƙe tururi ake yi.

A ware ƙwayoyin da santirifuj (na'urar da ke juyawa da sauri har ƙwayoyi su kwanta), a wanke da etanol sau uku. Kada a busar da su. Da zarar sun bushe, silanol (rukunin Si-OH da ke fuskar silika) na wannan ƙwaya yana ƙulluwa da na waccan, kuma babu girgizar da za ta raba su.

Mataki na biyu shi ne ɗora sinadarin APTES domin fuskar ƙwayar ta sami amin (rukunin NH2), kuma a nan aka fi yin ɓarna. Ƙwaya mai faɗin nanomita 100 tana da fili kusan murabba'in mita 30 a kowane giram. Idan kowane murabba'in nanomita zai ɗauki APTES biyu, maikirolita 25 kacal ya ishi giram guda. Ninki uku zuwa biyar ya wadatar. Wanda ya zuba mililita guda, musamman in akwai danshi, APTES zai haɗe da kansa ya yi kauri a wani wuri, ya manne ƙwayoyin kamar danƙo. A gwada da ninhaidirin: launin shunayya shi ne shaidar amin ya hau.

Daga nan sai a sa BiBB (sinadari mai bromin da ke ƙulluwa da amin) da triethylamine a busasshen THF (wani ruwan narkarwa) cikin ƙanƙara, a ɗiga a hankali. BiBB ɗin shi ne tushen da sarƙar polima za ta tsiro. Domin ɓawon polimar PMMA ta hanyar ATRP (hanyar tsirar da sarƙar polima a hankali da taimakon jan ƙarfe), ana haɗa ƙwayoyin da MMA (monoma, wato tubalin sarƙar PMMA) da CuBr (gishirin jan ƙarfe) da PMDETA (mai riƙe jan ƙarfen) a ruwan narkarwa na anisol, a kori oksijin da naitirojin, a ɗumama zuwa digiri 60 ko 70 na ma'aunin Celsius. Idan haɗin ya yi kore sosai tun farko, iska ta shiga, kuma da wuya sarƙa ta tsiro. A tsayar da aikin da wuri, tun monoma bai ci kashi 20 cikin ɗari ba, don in ya yi nisa sarƙoƙin ƙwayoyi maƙwabta suna haɗewa, komai ya daskare. Ƙara ɗan EBiB (tushen sarƙa da ba ya manne da ƙwaya) a cikin haɗin dabara ce mai kyau: polimar da ya haifar, wadda ba ta manne da ƙwayoyin ba, ita ake kaiwa na'urar GPC a ƙiyasta tsawon sarƙa, ba sai an narkar da silika da asid ɗin HF mai matuƙar haɗari ba.

A ajiye samfur bayan kowane mataki. Cajin zeta (ma'aunin cajin lantarkin fuskar ƙwaya) na silika tsirara yana ƙasa da sifili a pH 7, bayan APTES yakan haye sama. FTIR (awon ƙullin sinadarai da hasken infrared) zai nuna Si-O-Si wajen 1100 cm⁻¹, kabonil (C=O) na PMMA kuma wajen 1730 cm⁻¹, amma polimar da ba a wanke ba ita ma haka take nunawa, shi ya sa ake wanki da THF har ruwan wankin ya daina nuna ta. DLS (awon girman ƙwaya da haske) yakan ba da girma fiye da TEM (madubin ƙara girma na lantarki) saboda ɓawon yana kumbura a ruwan narkarwa, a TEM kuwa da kyar ake ganinsa. A TGA (awon asarar nauyi yayin ƙara zafi), a kai digiri 800, sannan a ɗebe asarar nauyin ƙwayoyin da ba su da polima, domin silikar Stöber da kanta tana zubar da ruwa da ragowar etoksi. Wanda bai ɗebe ba zai ƙirga su a matsayin ɓawo.