Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a gwajin ƙwari da tsirrai, da yadda za a gyara su

Wata ɗalibata a nan Marwa, a arewacin Kamaru, ta kawo mini sakamakon gwajinta tana ta murna. Ta cika gorar ruwa ta roba da wake mai ƙwari har wuya, ta cusa ganyen dogon yaro, ta murɗe murfin tamau. Sauran waken ta bar shi a kwano a buɗe. Da wata ya zagayo, na kwano duk ya zama huji-huji, na gora kuwa ƙwarinsa sun mutu. Ta ce, "Malam, dogon yaro ne ya kashe su." Na ce, "'Yata, murfin fa?" Ta yi shiru tana juya gorar a hannunta.

Wannan shi ne uban kurakurai, kuma kusan duk shekara sai na gamu da shi: a sauya abu biyu ko uku a lokaci ɗaya, sannan a jingina sakamakon ga wanda zuciya ta fi so. Yarinyar nan ta sa ganye, ta kuma hana iska shiga. Wanne ne ya yi kisan? Gwajinta ba zai iya faɗa ba. Ƙwaron wake yana numfashi kamar kowace halitta, in aka cika mazubi aka toshe shi, shi da tsutsotsinsa za su cinye 'yar iskar da ta rage su halaka. A kan wannan hikimar aka gina buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, kuma tushen binciken a garinmu yake: tun ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na cibiyar noma ta Marwa, wadda yau ake kira IRAD, suka yi aiki da Jami'ar Purdue ta Amurka kan hanyoyin adana wake ba tare da magani ba. Wato ɗalibar ta gano gaskiya, sai dai ba wadda ta rubuta ba.

Gyaran ba wuya. Kwalabe su zama iri ɗaya, wake iri ɗaya, ƙwaya 100 a kowace, ƙwari 10 a kowace, duka a rufe bakinsu da ƙyalle a ɗaure da roba, a jera su wuri ɗaya. Bambanci guda tak za a bari: wannan da ganye, wannan da toka, wannan kuwa ba a sa mata komai ba. Wannan ta ƙarshen ita yara suka fi raina wa, suna cewa ai ba a yi mata komai ba, me za a gani? Alhali ita ce ma'auni. In babu ita, ba ka da abin da za ka kwatanta sauran da shi. Kuma kada a tsaya ga kwalba ɗaya-ɗaya. A yi uku-uku, domin kwalba guda tana iya dacewa da ƙwarin da yawancinsu maza ne ko tsofaffi, ta ba ka labarin ƙarya.

Akwai wani tarko a cikin waken kansa. Ɗalibi zai je kasuwa ya zaɓo wake sumul, babu huji ko ɗaya, ya ce mai lafiya ne. Ina! Macen ƙwaron tana manna ƙwanta a bayan ƙwayar, ɗan fari-fari kamar ɗigon gishiri, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige kai tsaye, ta yi ta ci daga ciki. Hujin nan zagayayye da muke gani ƙofar fita ce, bayan ɓarna ta riga ta auku. Saboda haka kafin a fara, a kashe abin da ke ɓoye. Mai firiza ya sa waken ya yi mako guda a ciki. Wanda ba shi da ita, rana ta ishe shi: a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda, a baza waken, a lulluɓe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefunan, a bar shi awa 2 a tsakar rana. Zafin digiri 57 na tsawon awa 1 yana kashe ƙwai da tsutsa da babba. Ita ma wannan dabarar daga aikin Marwa ta fito. Sannan a guji irin shuka mai launin ja ko ruwan hoda, domin an cuɗa shi da magani. Ƙwarin za su mutu a kowace kwalba, yaron kuma ya sa hannu a baki.

Ita toka kuma, barbaɗe ba ya yi. A tankaɗe ta, a auna ta daidai da waken, gwangwani guda na wake gwangwani guda na toka, yadda za ta cike duk wani saƙo tsakanin ƙwayoyin.

Sai gaggawa. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro ana ɗaukar mako 3 zuwa 4 a lokacin zafi, da hunturu kuwa ya fi haka. Wanda ya buɗe kwalbarsa bayan kwana 7 ya rubuta "babu ɓarna", bai jira amsa ba. A ba shi mako 6, a zazzage a faranti, a ƙirga ƙwayoyi masu huji.

Masu kiwon tsutsa nasu kuskuren ya fi ban tausayi, don rai ne ke salwanta a banza. A kama tsutsa a jefa a kwalba, a rufe ruf, a ajiye a taga wai ta sami haske. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Marwa da Garwa ke haura digiri 40 a inuwa, kwalbar da ke rana tanda ce. A ajiye ta a inuwa, a rufe da ƙyalle, a ɗora ta a tsakiyar faranti mai ruwa don kada kiyashi su yi mata taron dangi. Abinci kuma ba kowane ganye ba. Tsutsar da aka samu a jikin lemo ganyen lemo take ci, ta tumfafiya sai tumfafiya, kuma mai tsinko wannan ya kiyayi farin ruwanta, yana yi wa ido illa ƙwarai. A sauya ganye kullum, a kwashe kashin, in ba haka ba fumfuna ta kama kwalbar.

Tsutsar masara da ta ɓulla a Afirka a 2016 tana da daɗin nazari, don ana gane ta da sauƙi: alama a goshi kamar harafin Y a kife, da ɗigo 4 baƙaƙe a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya. Amma manyanta suna cin junansu. Ɗalibi ya zuba 5 a kwalba ɗaya, ya wayi gari ya ga 2, ya rantse wani ya buɗe masa. Kowace a ba ta ɗakinta. A kuma zuba ƙasa mai ɗan laima kamar tsawon yatsa a gindin kwalbar, domin a ƙasa take nutsewa ta rikiɗe, ta koma ja-ja kamar ƙaramin ƙwallon dabino. Yara da yawa a nan suke zubar da ita, wai ta mutu, saura kwanaki kaɗan ta fito da fukafukai. Lokaci ma yana da muhimmanci: Satumba da Oktoba, farkon shekarar karatu, gonaki na da ɗanyen ganye. Wanda ya bari sai Fabrairu sai ya nufi lambunan bakin kogi.

A Hausa kusan duk ƙaramar halitta ƙwaro ce, amma a darasin kimiyya sai mai ƙafa 6 da jiki kashi 3. Gizo-gizo da kunama ƙafa 8 gare su, ba sa cikin wannan jerin, kunama kuwa ba ta da abin yi a aji ko kaɗan.

A ɓangaren tsiro, ruwa ne ke kashe yawancin gwaji. Gwangwanin tumatir ba huji a gindi, ga ban ruwa safe da yamma, sai irin ya ruɓe don ya rasa iska. A huda gwangwanin, a auna ruwan da murfin gora, kowa daidai da ɗan'uwansa. Wanda kuma aka sa a duhu yakan ruɗi yara: ya fi na haske tsawo, sai su rubuta cewa duhu ya fi sa girma. Ku dube shi da kyau, siriri ne, rawaya, ganyensa ƙanana, yana miƙewa ne neman haske da guzurin da ke cikin ƙwayar, in ya ƙare ya kife. Don haka tsawo kaɗai bai isa ba, a rubuta launi da kauri da yawan ganye. A gwajin ɗaura leda a reshe don ganin ruwan da ganye ke fitarwa, a ɗaura wata a reshen da aka zage ganyensa, don a sami abin kwatantawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne littafin da aka cika daren da za a miƙa shi. Ina gane shi da gani: biro ɗaya, hannu ɗaya, tsiron yana ƙara santimita 1 cif kowace rana kamar an saita shi, zanen fara kuma daga littafin karatu aka kwafo. Na fi son shafi mai dattin ƙasa da aka rubuta, "Talata, iri 7 cikin 10 sun fito, 3 sun ruɓe, ina jin ruwa ya yi yawa." Mai wannan shafin na ba shi maki mai kyau ko da gwajinsa bai yi yadda littafi ya ce ba. A sa kwanan wata, a auna da rula a lokaci ɗaya kullum, a zana abin da ke gaban ido, ko da ƙafar farar ɗaya ta gutsure.

Ɗalibar nan tawa ta sake gwajinta a zango na biyu da kwalabe 12. Uku da ganye, uku da toka, uku ba komai, duka da murfin ƙyalle, sai uku da ta cika da wake zalla ta toshe tamau, don ta ce tana so ta ji ta bakin murfin shi kaɗai.