Kurakuran da ke kashe inji da sunan rage masa zafi

Da zarar Maris ta shigo, zafi ya fara taɓa digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, sai ka ga motoci jere a gefen titi an ɗaga musu bonet, tururi na tashi, mai mota na tsaye da ledar ruwa a hannu. Duk shekara haka. Na gaji da ganin yaro ya yi tarin kuɗi ya sayi motarsa ta farko, kafin damina ta sauka ya kai ta a sauke mata kan inji, alhali abin da ya kashe ta shi ne maganin da aka ba shi. Ni ma an ba ni wannan maganin, na sha, na ji a jikina.

Babban cikinsu shi ne cire tamostat. Kana zuwa gareji ka ce allurar zafi na hawa, abin da za ka fara ji shi ne: "Alhaji, ai wannan abin na ƙasar sanyi ne, Turawa suka sa don ƙanƙara, mu nan ba ma buƙatarsa." Maganar tana da daɗi a kunne, amma ba gaskiya ba ce. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma zafin can bai gaza namu ba. Fijo ɗin da aka riƙa haɗawa a Kaduna don hanyoyinmu, su ma da shi suka fito. Aikinsa shi ne ya tare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aikinsa, a yawancin motoci tsakanin digiri 82 zuwa 90, sannan ya buɗe ruwan ya wuce lagireto. Da ya buɗe, ba ya hana komai. Idan mota na zafi alhali tamostat lafiya yake, ciwon yana wani wuri, cire shi rufe ciwo ne da tsumma.

Fijo 406 gare ni a lokacin. Allura ta fara wuce rabi idan na shiga cunkoso, na kai ta wajen wani bakanike, ya cire tamostat ya miƙo mini a hannu, ya kira rewaya ya haɗa fanka kai tsaye, da ka murɗa makulli sai ta kama juyawa. Da safe allura ba ta ko tashi, na ɗauka an gama. Abin da na fara lura da shi shan mai ne, domin kwamfutar motar tana ganin inji da sanyi, sai ta yi ta ƙara fetur kamar yanzu aka tayar da shi. Baƙin mai ma ya riƙa yin baƙi da wuri. Ban haɗa wannan da wancan ba. Bayan 'yan watanni, cikin Afrilu, na ɗauko iyali za mu Maiduguri. Mun wuce Azare, mun wuce Potiskum lafiya, domin a guje iska ce ke yin aikin. Muna shiga layin shingen bincike kafin Damaturu, fankar da ta yi watanni tana juyawa ba hutu ta ƙone. Babu iska, babu fanka, lagireto kuma ashe rabinsa a toshe yake tun farko, shi ne ainihin ciwon da ba wanda ya duba. Kafin in samu wurin fita daga layi allura ta shige ja. Gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Yara na zaune a ƙarƙashin bishiya da tsakar rana har aka samo mai jan mota. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi, domin wankin lagireto kawai motar take nema.

Akwai ma abin da da yawa ba su sani ba. A injina da dama tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa, wanda idan ya buɗe yake toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin inji. Ka cire shi, wannan hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa komawa inji bai ga lagireto ba. Wato ka cire don rage zafi, ka ƙara shi. Ni abin da nake yi yanzu, duk motar da na saya, ina sa a buɗe gidan tamostat a gabana. In babu, in sayi na asali in sa. In akwai kuma ina shakka, in jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta. In ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe da ya huce, lafiyarsa ƙalau. Fanka kuwa a mayar da ita kan na'urarta mai auna zafi, ta kama da kanta ta saki da kanta. In na'urar ce ta mutu, ita za a canja, ba tsada gare ta ba.

Na biyun da ya fi ci mini rai shi ne ruwan da muke ɗurawa. Ruwan rijiya, ruwan burtsatse, ruwan leda, duk wanda hannu ya kai. Haba jama'a! Ku leƙa cikin butar shayin da ta daɗe a kan wuta ku ga farin dattin da ya kama gindinta. Shi ne ke kama 'yan siraran bututun lagireto, ga kuma tsatsa da ke cin fukafukan famfon ruwa har su ƙare, famfo na juyawa ba ya tura komai. Wannan dattin ne ya toshe mini lagireton 406. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan yana da sinadarin hana tsatsa, kuma yana ɗaga matakin tafasa: ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, haɗin rabi da rabi kuwa sai wajen 107. Amma kada ka ce tunda yana da amfani bari ka zuba mai kaurin zalla, domin ruwa ya fi shi ɗaukar zafi. Karanta jikin galan ka ga ko haɗaɗɗe ne ko mai son sirki. Ni da tataccen ruwa nake sirkawa, irin wanda ake ƙara wa batir, marar asid, kuma tunda ba ma fama da ƙanƙara nakan sa kashi 40 na sinadarin, 60 ruwa. Wasu za su ce rabi da rabi, ban ce sun yi laifi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gauraya ruwan sanyaya ja da kore don shi aka samu a shago. Wasu nau'o'in in sun haɗu kauri suke yi kamar koko. Kuma a yi hattara da ruwan kala da ake ɗurawa a jarka a sayar a bakin titi.

Murfin lagireto ma ana raina shi. Wannan ɗan murfin shi ke riƙe matsi, matsin kuma shi ke hana ruwa tafasa har ya haura digiri 120. Lambar tana rubuce a kansa, 0.9 ko 1.1 a mafi yawan motocin Japan. Robarsa ta tsage, mota za ta riƙa zubar da ruwa ta tafasa da wuri, kai kuma kana can kana neman sabon lagireto. Sayi mai lambar da ka tarar. Mai lamba mafi girma a kan tsofaffin tiyo fashewa yake jawowa.

Masu son sa lagireto mai layi biyu, ban hana ba, na sa a motata, yana taimakawa ga mai lodi da mai doguwar tafiya da esi a kunne. Amma a bayan komai yake zuwa. Ka sa shi a motar da famfonta ya cinye, ka yi asarar kuɗi. In za ka kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna nemansa, tafi da tsohon a hannu, kuma ka tabbata ƙwaryar robar da ke kewaye da fanka ta koma wurinta. Yaran gareji kan jefar da ita wai tana hana su aiki, alhali ita ke tilasta wa fanka jawo iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe.

Sauran ƙanana ne, amma suna kashewa. Ƙurar hunturu da ƙwari suna cushe tsakanin kwandansan esi da lagireto, a wanke daga baya da ruwa marar ƙarfi, domin injin wankin mota lanƙwasa ganyayen yake yi. Bayan an canja ruwa a fitar da iska, Fijo na da 'yan kusoshin yin hakan, wanda ya manta da su zai ga allura na rawa. In rewaya ya taɓa fanka, sa takarda a gaban lagireto ka ga ta manne, kada ya zama ya juya wayoyin. Ƙwai da garin toshe yoyo, a bar su, suna toshe har inda ba ya yoyo. Fambel mai kuka a ɗaure ko a canja.

Ranar da allura ta hau kana tafiya, kashe esi, kunna hita har ƙarshe ka sauke gilasai, zai janye wani zafin daga inji har ka samu gefe. Tsaya ka kashe. Kada ka taɓa murfi, na ga hannun da tururi ya saɓule wa fata. Kada kuma ka kwara wa inji ruwan sanyi, kan injin zamani na alminiyum ne, ba ya jure wannan. Ka ba shi aƙalla rabin awa, ka matsa tiyon sama da tsumma, in ya yi laushi sannan ka buɗe a hankali, ka tayar da mota, ka riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan tana aiki. Saboda irin wannan rana nake ajiye galan ɗaya haɗaɗɗe da sabon murfi a but, kusa da safaya.