Darasi Na 14: Gadin Gobarar Daji a Ranar Hazo

A arewa da birnin San Faransisko, cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, akwai wani dutse mai suna Tamalpais. Tsayinsa ya kusa mita 800. Can a ƙololuwarsa an gina wani ɗan ɗaki, gindinsa na dutse, samansa kuwa tagogin gilashi ne ta kowace fuska. Ana kiransa Hasumiyar Gardner. Wanda ya tsaya ciki yana hango teku a yamma, birni a kudu, ga dazuzzuka da ƙananan garuruwa shimfiɗe a ƙasa.

Masu zama a wannan ɗaki 'yan sa-kai ne, ba su karɓar ko sisi. Hukumar kashe gobara ta gundumar Marin ce ke koya musu aikin, sannan su riƙa karɓa-karɓa. Abin da ake nema daga gare su shi ne su ga hayaƙi tun yana ɗan siriri, su faɗa wa 'yan kwana-kwana daidai inda yake.

Mutanen wurin sun san abin da wuta take yi. A watan Yuli na 1929 gobara ta sauko daga wannan dutsen, ta cinye gidaje fiye da 100 a garin Mill Valley da ke gindinsa. Kafin nan, a watan Agusta na 1910, wata ta laƙume daji eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana da Washington, mafi yawa cikin kwana biyu, ta kashe mutum sama da 80. Bayan wannan masifa Amurka ta duƙufa gina hasumiyoyin gadi a kan duwatsu, har suka kai dubbai. Yanzu jiragen sama da kyamarori sun karɓe yawancin aikin, amma akwai inda har gobe idon mutum ake dogara da shi.

Hazon da ba na ƙura ba

Mu hazon hunturu muka sani, mai ƙura, mai busar da leɓe. Nasu na ruwa ne, kamar gajimare ya sauko ya kwanta a ƙasa. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da muke cikin damina, su rani suke yi, ruwan sama ba ya zuwa, ciyawa ta bushe ƙayau. Ruwan tekun da ke gaɓarsu kuma sanyi ne da shi ƙwarai. Idan iska mai laima ta bi ta kansa sai ta zama hazo, ta kwararo cikin kwaruruka da yamma, ta kwana.

Ga abin da ya kamata ku riƙe. Sau da yawa hazon yana tsayawa ƙasa da ƙololuwar dutsen. Mutumin da ke gari ya tashi cikin sanyi, ganyaye na ɗigar ruwa, yana ganin yau ba abin da zai kama da wuta. Amma mai gadi yana sama cikin rana tsaka, iska mai zafi da bushewa na kaɗa shi, hazon yana ƙarƙashin ƙafarsa fari fat kamar an baza auduga. Duk tudun da ya leƙo sama da wannan audugar a bushe yake, ashana ɗaya ta ishe shi.

Yinin mai gadi

Mu ɗauka yau wata dattijuwa ce ke da aiki, malamar makaranta da ta yi ritaya. Ta ajiye mota, ta hau 'yar gajeriyar hanya mai tsauri, da ruwan sha da abincin rana a jaka. Yau hazon ya yi kauri, ya rufe har hasumiyar. Ƙarfen matakala a jiƙe yake, tana taka shi a hankali. Ta buɗe ƙofa, ta goge tagogi, ta ɗauki oba-oba ta sanar da ofis cewa ta kama aiki.

Sai ta buɗe littafin aiki. Ta rubuta kwanan wata da lokaci, da inda iska ke fitowa, da nisan da idonta ke kaiwa. Yau ko bishiyar da ke bakin hanya ba ta gani, don haka abin da ta rubuta ke nan, shi kuma ta faɗa a oba-oba. Wannan layi ɗaya yana da nauyi. Idan ofis suka ji shiru daga hasumiya, za su zaci daji lafiya yake. Idan ta ce musu ba ta ganin komai, sun san yau sai su buɗe kunne ta wata hanyar. Ni a ganina nan ne amanar aikin take, mutum ya faɗi iyakar ganinsa ba ƙari.

A hasumiyoyi da yawa ana auna laimar iska da wasu ma'aunan zafi guda biyu da aka haɗa. Ɗaya an ɗaura masa ɗan ƙyalle a baki. A jiƙa ƙyallen, a wulwula su a iska kamar majajjawa, sannan a karanta. In lambobin biyu sun yi nisa da juna, iska ta bushe. In sun zo kusan ɗaya, akwai laima. A cikin hazo kusan ɗaya suke zuwa.

Daga nan sai jira. Ba ta barin taga. Wajen hantsi rana takan fara cin hazon daga sama, ya yage nan, ya buɗe can. Kowace kafa ta buɗe, sai ta kai madubin hangen nesa ta leƙa kafin ta rufe.

Hayaƙi ne ko hazo?

Nan ne sabon shiga yake ruɗewa. Idan hazo yana watsewa, guntayensa kan taso daga kwazazzabo tsaye, sak hayaƙi. Ana bambance su da haƙuri. Hayaƙi yana da gindi, daga wuri ɗaya yake fitowa, yana ta ƙaruwa, kuma yakan yi shuɗi-shuɗi ko ruwan toka. Guntun hazo fari ne, ba shi da tushe, yana yawo, bayan 'yan mintoci ya narke. Ƙurar mota kuma hanya take bi, ta lafa. Baƙin hayaƙi mai kauri yakan nuna taya ko mai ko gini ne ke ci. Wadda ta saba girki da itace ta riga ta san rabin wannan karatun. In kuwa an duba an sake dubawa shakka ba ta gushe ba, a kira ofis a faɗa musu yadda abin yake.

A tsakiyar ɗakin akwai wani faifai a kan tebur, da taswira a manne, hasumiyar ce a cibiyarta. Wani ma'aikacin gandun daji mai suna William Osborne ya ƙirƙiro shi fiye da shekara 100 da suka wuce. An zana lambobi a bakinsa daga 0 zuwa 360, ana ce musu digiri. Arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Mai gadi tana juya abin saiti har ya daidaita da gindin hayaƙin, ta karanta lambar, ta kimanta nisa a taswira. Idan wata hasumiyar ita ma ta ba da tata lambar, sai a ja layi biyu a taswira. Inda suka gicciya, nan wutar take.

Aradu ba ta cika faɗuwa a wannan gaɓar ba, amma a watan Agusta na 2020 ta yi ta sauka a arewacin Kalifoniya, ta tayar da gobara ɗaruruwa. Wutar aradu takan ɓuya cikin kututture kwana da kwanaki kafin ta fito, shi ya sa ake rubuta inda kowace ta faɗi. Nisanta kuwa da baki ake ƙirga shi: daga ganin walƙiya zuwa jin tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce.

Aikin aji

1. Ku fita waje. Ku zana da'ira a ƙasa, ku sa 0 a arewa, 90 a gabas, 180 a kudu, 270 a yamma. Ku tsaya a tsakiya. Masallaci ko kasuwa ko rijiyar unguwarku a wace lamba take?

2. An ga walƙiya, aka ƙirga daƙiƙa 12 kafin tsawa. Kilomita nawa ke nan?

3. Ku rubuta alamomi biyu da ke raba hayaƙi da hazo.

4. Kwana bakwai a jere, kowace safiya, ku rubuta layi ɗaya a littafinku: kwanan wata, lokaci, inda iska ke fitowa, da abu mafi nisa da kuke iya gani daga ƙofar gida. Ku zo da littafin ranar darasi na gaba, mu karanta tare.