Darasi na Tara: Yadda Fayil Ke Yawo Tsakanin Na'urori

Mutane da yawa a Birnin Kebbi da Argungu suna zaton duk abin da aka sauke daga intanet yana fitowa ne daga rumbun wani babban kamfani. Haka abin yake a YouTube, amma ba haka yake ba a tsarin BitTorrent, wanda wani Ba'amurke mai suna Bram Cohen ya ƙirƙiro a shekarar 2001.

A wannan tsari ana yayyanka fayil gunduwa-gunduwa. Ka ɗauka ɗalibai goma ne suke kwafar littafi ɗaya a zaure: wanda ya gama shafi na uku sai ya miƙa wa na kusa da shi, shi kuma ya karɓi na bakwai daga hannun wani, har kowa ya haɗa littafinsa ba tare da an yi wa malam cunkoso ba. Shi ya sa idan masu riƙe da fayil suka yi yawa saukewa takan yi sauri, idan kuwa masu cikakkensa suka rufe na'urorinsu, tana iya tsayawa cak.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutanenmu shi ne zaton mai saukewa karɓa kawai yake yi. A'a, yana karɓa yana bayarwa, kuma ko bayan fayil ya kammala, manhajar BitTorrent ɗin takan ci gaba da tura wa wasu muddin ba a dakatar da ita ba. Abin tausayi ne magidanci ya sayi data da kuɗin guminsa, ya wayi gari ta ƙare, ya ɗora wa kamfanin layi laifi. Kada a haɗa wannan da Xender, wadda ke tura fayil tsakanin wayoyi biyu da ke kusa ba tare da cin data ba.

Wasu kuma suna ganin babu mai ganinsu, alhali lambar adireshin intanet ɗinsu tana bayyana ga duk wanda suke musaya da shi. Tsarin kansa ba laifi ba ne, domin masu Ubuntu, wata manhaja mai gudanar da kwamfuta, ma da shi suke raba manhajarsu kyauta. Laifin yana wajen raba fim ko littafin wani ba da izininsa ba. Manhajar BitTorrent tana tantance cewa kowace gunduwa ta iso yadda aka saka ta, amma ba ta sanin ko mai sakawar ya cusa cutar na'ura (virus) a ciki.

Aikin gida: idan kana da wannan manhaja, buɗe ta ka duba adadin da ka karɓa da adadin da ka tura, ka rubuta su a littafinka, ka zo da su aji.