Yadda ake gano abin da ke damun kare idan ya ƙi abinci ko ya koma cin ƙasa da leda

Kare ba ya ƙin abinci haka siddan, kuma duka ba ya hana shi haɗiyar leda da tsumma. Kafin ka canza masa cima, bi waɗannan matakai.

Da farko tsaya daga nesa ka kalle shi. In halinsa ya juya farat ɗaya, yawu na dalala, muryar haushinsa ta canza, yana gatsar itace da dutse, kada ka kuskura ka zura hannu a bakinsa wai ko ƙashi ne ya maƙale. Ciwon haukan kare kan zo da wannan kama. Kulle shi, ka kira likitan dabbobi. Duk wanda karen ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

In babu waɗannan alamu, ɗaga leɓensa ka duba dasashi. Na lafiyayye ja-ja ne. In ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, galibi aikin tsutsar ciki ne ko kaska, kuma irin wannan karen kan lashi ƙasa. Laluba cikin kunne da tsakanin yatsu, nan kaska ke laɓewa. Babban kare ana ba shi maganin tsutsa duk wata 3, gwargwadon nauyinsa.

Sai ka duba bayan gidansa. Kwikwiyo mai amai da gudawar jini mai ɗoyi ba a kwana da shi a gida, wataƙila parvo ce, cutar hanji da ke kashewa cikin 'yan kwanaki. Amai a kai a kai, bayan gida ya ɗauke, wataƙila abin da ya haɗiya ya toshe hanji. In ka ga igiya ko leda ta leƙo ta dubura, kada ka ja, tana iya yanka hanjin.

In duk wannan lafiya lau, koma kan kwanonsa. Tuwo da ƙanzo zalla cika ciki ne kawai. Haɗa masa da nama, kifi ko dafaffen ƙwai, banda albasa da dafaffen ƙashin kaza. Da zafin bazara cinsa kan ragu, sai a ba shi da sanyin safiya ko bayan magariba. Wanda ke wuni a mari kuwa, kaɗaici ke sa shi tauna duk abin da ya samu. Kwance shi ya zaga, ka kwashe sharar tsakar gida.

Babba in ya kai kwana 2 bai ci ba, kwikwiyo kuwa wuni guda, a kai shi asibitin dabbobi. Kada a ba shi farasitamol ko ibuprofen na mutane, suna lalata masa hanta da ƙoda.