Yawu da danshi a jakar algaitar Sikotlan

Salam 'yan uwa masu busa algaitar nan mai jaka, abin da ke kashe muryarta ba komai bane illa danshin numfashinmu da ke taruwa a ciki. In jakarka ta fatar tunkiya ce to da sauki, ita tana shanye danshi, amma ta roba sai ka sa mata tiyon tare ruwa kuma ka rika juye shi duk bayan busa. Ka gama kada ka cusa ta akwati haka nan, ciro bututun waka, wato wanda kake dora yatsu a kai, ka goge cikinsa, zaren da aka nada a mahadar bututun in ya jike kumbura yake har ya tsaga icen, ni na taba asarar daya wallahi. Kuma kar a shanya jakar a rana, inuwa ta isa. Lokacin hunturu kuwa akasin haka ne, harshen, wato dan karan da ke ba da sauti a bakin bututun, bushewa yake, sai ka dan hura masa kafin ka fara.